Manhajar Koha a Ɗakin Karatun Zango: Abin da Ta Iya da Abin da Ta Bar wa Ma'aikaci

Ɗakin karatun unguwarmu, wanda ke haɗe da wata makarantar Islamiyya a yankin Asawase na Kumasi a ƙasar Ghana, ya daɗe yana rubuta aron littattafai a cikin manyan littattafan rajista kafin kwamitinsa ya amince a koma amfani da Koha, manhajar kwamfuta ta gudanar da ɗakin karatu. Ina cikin wannan kwamiti, kuma na zauna a teburin ba da aro da teburin shigar da littattafai gwargwadon abin da zai ba ni damar faɗin ra'ayina ga sauran makarantu da ƙungiyoyin matasa na Aboabo da Sawaba da Tafo, waɗanda wasunsu ke tambaya ko su ma su bi sahu. Ra'ayina shi ne manhajar ta cancanci wahalar da ake sha a kanta, amma darajarta a ɗakin karatu irin namu ta rataya ne a kan abu guda, wato ko akwai mutumin da ya iya Larabci da Hausa da Turanci wanda zai zauna ya shigar da littattafan yadda ya kamata.

An rubuta Koha ne a ƙasar Niyuzilan a shekarar 1999, lokacin da hukumar ɗakunan karatu ta gundumar Horowhenua ta ji tsoron tsohon tsarinta ba zai tsallake matsalar kwanan wata ta shekarar 2000 ba, ta nemi kamfanin Katipo Communications ya gina mata sabo. Ta fara aiki a watan Janairun 2000, kuma aka sake ta a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa izinin saukewa da gyarawa da rarrabawa ba tare da biyan kuɗi ba. Har yau ma'aikatan laburare da masu rubuta manhaja na ƙasashe daban-daban ne ke raya ta, suna fitar da sabon bugu sau biyu a shekara, a watan Mayu da watan Nuwamba. Tana da fuska biyu, ɗaya ta ma'aikata inda ake shigar da littattafai da ba da aro, ɗaya kuma ta masu karatu inda kowa zai iya bincika abin da ke kan kantoci, kuma duka biyun ana buɗe su ne a manhajar shiga intanet da ke kowace kwamfuta ko waya.

Batun rashin biyan kuɗin lasisi shi ne ya fi jan hankalin kwamitoci, kuma shi ne ya fi ruɗar da su. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Koha tana zaune ne a kan tsarin Linux, musamman Debian ko Ubuntu, tana ajiye bayananta a rumbun MariaDB ko MySQL, don haka ɗora ta aiki ne na wanda ya san waɗannan abubuwa, ba na duk wanda ke gyaran waya a kasuwar Adum ba. Bayan ladan mai ɗorawa akwai kuɗin kwamfutar da za ta zama saba, wato wadda manhajar da bayananta za su zauna a kanta, da batirin riƙe wuta, da na'urar karanta bakod, da firinta da takardun liƙawa, da ƙaramar na'urar da ke watsa sadarwa a cikin ɗaki. Kowanne daga cikin waɗannan ana samunsa a Kumasi, kuma jimillarsu ba ta fi ƙarfin makarantar da ke da iyayen yara masu himma ba, amma ya kamata a faɗa wa masu ba da gudummawa gaskiya tun farko, domin wanda aka ce masa abu kyauta ne ba ya jin daɗi idan aka dawo masa da takardar neman taimako.

A teburin ba da aro ne manhajar ta fi burge ni, kuma a nan ba ni da wani abin suka. Kowane littafi yana ɗauke da bakod, wato tambarin layuka baƙaƙe irin na kayan kanti, kowane mai karatu kuma yana da kati mai nasa tambarin. Ma'aikaci zai haska katin, sunan mutum da hotonsa su fito, ya haska littafin, manhajar ta rubuta ranar dawowa da kanta bisa ƙa'idar da kwamiti ya tsara. Ana iya ba ɗalibi mako biyu, malami wata guda, a hana fitar da ƙamus da manyan mujalladan tafsiri daga ɗaki gaba ɗaya, kuma akwai kalandar da ake sanya ranakun hutu a ciki, ta yadda ranar dawowa ba za ta faɗo a kan Sallah ƙarama ko babba ba. A lokacin shirin jarrabawar BECE da WASSCE, sa'ilin da yara ke cika ɗakin suna rububin littattafan tambayoyin baya, layin da a dā yake kaiwa ƙofa yanzu yana ƙarewa kafin a kira sallar la'asar. Tsarin ajiye layi ma ya rage rigima, domin idan littafi yana hannun wani, manhajar tana rubuta sunan mai jira, kuma ranar da aka dawo da shi za ta sanar da ma'aikaci kada ya mayar da shi kan kanta.

Wajen rajistar masu karatu akwai ɗan abin lura. Takardar da ke kan allo ta ɗauka cewa kowa yana da sunan dangi tsayayye, alhali a Zango yaro yakan ba da sunan mahaifinsa yau, gobe ya ba da na kakansa ko laƙabin gidansu, kuma Abdullahi Muhammad ko A'isha Ibrahim sun fi a ƙirga. Mafita ita ce a dogara da lambar kati da hoto da lambar waya, a kuma yi amfani da gurbin mai tsayawa, wanda ke haɗa katin yaro da na uwa ko uba ko malamin da yake hannunsa. Wannan gurbi ya dace da yadda muke zaune, inda yara da yawa ke gidan kawu ko gwaggo, kuma idan littafi ya ɓace an san ƙofar da za a je a yi sallama.

Shigar da littattafai shi ne inda aikin gaske yake, kuma shi ne abin da masu tallata manhajar suka fi wucewa da sauri. Koha tana bin tsarin MARC, wanda aka ƙirƙiro a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960 a ƙarƙashin jagorancin Henriette Avram. A wannan tsari kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba: lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, a 020, sunan marubuci a 100, sunan littafi a 245, wurin bugu da shekara a 260 ko 264, batun littafi a 650, bayanin kwafin da ke kan kanta kuma a 952. Sabon ma'aikaci idan ya buɗe shafin ya ga waɗannan lambobi jere, gabansa yakan faɗi, amma ana iya rage guraben a bar kaɗan da ake bukata, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a nema daga mai ɗorawa.

Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne hanyar Z39.50, wadda ke ba manhajar damar tambayar manyan ɗakunan karatu na duniya ta kwaso bayanin littafin da wani ya riga ya rubuta. Idan littafin kimiyya ne da aka buga a Ingila ko Amurka, za a haska lambar ISBN da ke bayansa, bayanin ya sauko cikakke, a duba a ajiye. Littattafan da aka buga a nan Ghana, waɗanda lambarsu ke ɗauke da 9964 ko 9988 kuma Ɗakin Bincike na George Padmore da ke Accra ne ke ba da ita, wani lokaci ana samunsu, wani lokaci sai an rubuta da hannu. Amma ƙashin bayan ɗakin karatunmu ba waɗannan ba ne. Littattafan fiƙihu da nahawu da alhazai suka kawo daga Makka da Alƙahira da Bairut, da ƙananan littattafan addini da na hikaya da 'yan kasuwa ke shigo da su daga Kano da Zariya, da waƙoƙin wa'azi da malaman Kumasi suka buga da kuɗin aljihunsu, yawancinsu ba su da lambar ISBN, wasu ba su da shekarar bugu, wasu ma bangonsu ya tafi tun kafin su iso hannunmu. Waɗannan babu wanda zai rubuta mana bayaninsu, kuma littafi ɗaya yana iya cin lokacin da za a shigar da littattafan Turanci goma.

Manhajar kanta tana karɓar rubutun Larabci ba tare da matsala ba, tana nuna shi daga dama zuwa hagu, kuma akwai gurbi na 880 da ke ba da damar a rubuta sunan littafi da haruffan Larabci a haɗa shi da na boko. Sai dai akwai ƙananan hukunce-hukunce da yawa da suka rage ga ma'aikaci. Idan sunan littafi ya fara da "al", dole ne a gaya wa manhajar, ta wata ƙaramar lamba da ke gefen gurbi na 245, ta tsallake waɗannan haruffa wajen jerawa, in ba haka ba rabin littattafan Larabci za su taru a harafi guda. Idan shekarar bugu ta Hijira ce, ya kamata a rubuta ta yadda take a kan littafin a kuma ƙara ta Miladiyya, a tuna cewa shekarar 1400 ta Hijira ta kama ne a watan Nuwamban 1979, domin wanda ya ga 1405 ya shigar da ita haka kawai ya mayar da littafin da aka buga a shekarun 1980 ya zama na ƙarni na 15.

Bincike ya fi komai bukatar kulawa, domin shi ne abin da mai karatu ke gani. Koha tana bincike ne da injin Zebra, ko Elasticsearch ga waɗanda ke da babbar kwamfuta, kuma yadda ta zo daga asali an daidaita ta ne da harsunan Turai. Matashin da ya ɗora mana ita, wanda ya iya aikinsa ta wasu fuskoki, ya bar ta a haka, sai ya zamana duk wanda ya rubuta "kasa" a wayarsa ba ya samun littafin da aka shigar da "ƙasa", kuma kusan babu wayar da ke unguwar nan da mai ita ya sanya mata madannai masu ɓ da ɗ da ƙ. Littattafan harshen Twi ma haka suka yi, saboda ɛ da ɔ. A Larabci kuwa alif mai hamza da marar hamza sun zama haruffa biyu dabam, ta yadda ɗalibin da ya rubuta suna daidai yadda ya saba ji sai allo ya ce masa babu. Duk wannan yana gyaruwa, ta hanyar kunna tsarin ICU, mai kula da haruffan harsuna daban-daban, da rubuta ƙa'idojin da ke gaya wa injin ya ɗauki ƙ da k a matsayin abu ɗaya wajen nema, amma gyaran yana cikin fayilolin saba ne, ba a shafin ma'aikata ba, don haka ya zama wajibi a sanya shi cikin yarjejeniya a kuma gwada shi kafin a biya cikon lada. A ganina, duk ɗakin karatun Zango da bai yi wannan gwaji ba bai karɓi aikin da ya biya ba.

Sunayen marubuta wata ƙofa ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, yana fitowa a bangon littattafai da siffofi da yawa, wani wuri Usman dan Fodio, wani wuri Uthman ibn Fudi, wani wuri da haruffan Larabci tare da jerin laƙabobi. Haka ma Alhaji Umaru na Kete Krachi, malamin da aka haifa a Kano ya rasu a ƙasar nan a 1934, wanda wasu ke rubuta shi da sunan Imam Imoru. Koha tana da sashen tabbatattun sunaye, inda ake zaɓar siffa ɗaya a ɗaure sauran a jikinta, kuma sashe ne mai kyau ƙwarai, amma ba ya cika kansa. Wani dattijon malami da ke zuwa ɗakin ya fi kowa taimaka mana a nan, domin yakan kalli shafin farko na littafin da ba shi da bango ya faɗi marubucinsa da wanda ya yi masa sharhi, yaran da ke kan kwamfuta su rubuta.

Game da jera littattafai a kan kantoci, manhajar ba ta tilasta wa kowa tsari, amma yawancin ɗakunan karatu na jama'a suna bin tsarin Melvil Dewey na 1876, mu ma shi muka bi domin ɗalibin da ya saba da shi a nan ba zai ɓace ba idan ya je ɗakin karatun jihar Ashanti da ke Cibiyar Al'adu. Tsarin ya ba addinin Kirista lambobi daga 220 zuwa 280, ya tattara Musulunci gaba ɗaya a 297, harshen Larabci a 492.7, Hausa kuma a ƙarƙashin 493.7. Ga ɗakin da kantocinsa da dama tafsiri ne da hadisi da fiƙihu da sira, wannan yana haifar da lambobi dogaye da ba sa shiga ƙashin bayan littafi. Mun ƙara alamar sashe a gaban lambar, manhajar kuma ta karɓa, har tana buga takardun liƙawa da ita.

Wutar lantarki kuwa ba laifin Koha ba ce, amma duk wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2015, ya san ba a yin shiri a ƙasar nan ba tare da ita a lissafi ba. Abin yabo shi ne manhajar ba ta bukatar intanet domin aikin yau da kullum, muddin saba tana cikin ɗakin kuma wayoyi da kwamfutoci suna haɗe da ita ta sadarwar cikin gida. Intanet sai wajen kwaso bayanan littattafai da sabunta bugu. Akwai kuma hanyar ba da aro idan saba ta mutu, inda ake tara bayanan a ɗora su daga baya. Haɗarin yana wajen ɗaukewar wuta ba zato, wadda kan tsayar da aikin jera bayanan bincike, sai sabon littafin da aka shigar ya ƙi fitowa a nema duk da yana cikin rumbu. Manhajar tana yin kwafin ajiya da kanta kowace rana, amma a kan kwamfutar guda take ajiye shi, don haka idan ba a kwafe shi zuwa wani wuri a kai a kai ba, ranar da kwamfutar ta ƙone ko ɓarawo ya shigo, aikin shekaru ya tafi tare da ita.

Sashen sanarwa shi ne wanda bai yi mana amfani sosai ba. An gina shi ne a kan imel, wanda yawancin iyaye a nan ba sa buɗewa, saƙon waya kuma sai an yi yarjejeniya da kamfanin da ke sayar da saƙonni an biya. Abin da muke yi shi ne mu fitar da jerin waɗanda suka makara daga sashen rahotanni, ma'aikaci ya bi su ta WhatsApp. Tara ma manhajar tana lissafa ta daidai, amma karɓarta ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da hannu ake rubutawa, kuma kwamitinmu ya zaɓi ya dakatar da katin wanda ya makara maimakon ya ci shi tara, domin yaron da ake bi sidi kaɗan yakan daina zuwa gaba ɗaya, littafin ma ya tafi da shi.

Akwai batun da ban ji ana tattaunawa ba, wato sirrin masu karatu. Tsohuwar rajista kowa na iya buɗe ta ya ga wanda ya ari me, kuma a unguwar da kowa ya san kowa, matar aure da ta ari littafin hukunce-hukuncen saki ko na wata cuta ba za ta so magana ta fita ba. Koha tana ba kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa da iyakar abin da zai gani, tana kuma iya share sunan mai aro daga tarihin littafi bayan an dawo da shi. Tun da ana ajiye hotuna da lambobin waya na yara, Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta shafi ƙaramin ɗakin karatu kamar yadda ta shafi banki, kuma kwamiti ya kamata ya san da haka.

Masu sayar da kayan laburare sukan kawo maganar RFID, wato ƙananan tambura masu aiki da igiyar rediyo da ake liƙawa cikin littafi, tare da ƙofar da ke ƙara idan an fita da wanda ba a ba da aronsa ba da na'urar da mutum zai ari littafi da kansa. Koha tana iya aiki da su, kuma sun dace da manyan wurare irin na jami'o'i, amma a ɗaki mai ƙofa ɗaya da ma'aikaci zaune a bakinta kuɗin ya fi amfani idan aka sayi littattafai da shi. Littattafan da ake karantawa a waya ma ba sai mun gina namu ba, tunda Hukumar Ɗakunan Karatu ta Ghana, wadda asalinta ya koma 1950, tana da manhajar waya da ake karanta irinsu a ciki, kuma aikinmu shi ne mu nuna wa yara ita.

Abin da Koha ba ta dace da shi ba shi ne rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke cikin akwatunan gidajen malamai. Tana iya rubuta bayaninsu, amma adana hotunan shafukansu aiki ne na irin manhajar DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, kuma a kanta ne jami'ar KNUST ta Kumasi ta gina KNUSTSpace, Jami'ar Ghana kuma UGSpace. Cibiyar Nazarin Afirka da ke Legon ta tattara irin waɗannan rubuce-rubuce tun shekarun 1960, kuma iyalin da ke da su sun fi cin riba idan suka nemi shawarar masana irin waɗannan kafin su bari a ɗauki hoton takarda ko ɗaya.

Makarantar da littattafanta ba su wuce kanta biyu ko uku ba ba ta bukatar wannan nauyi, rajista mai tsabta ko jadawali a kwamfuta ya ishe ta, wadda kuma ke tsakiya tana iya duba SLiMS, manhajar ƙasar Indunisiya da ita ma ba a biyan lasisinta kuma ta fi sauƙin ɗorawa. Wadda littattafanta suka kai dubbai, tana ba da aro kullum, tana kuma da wanda zai zauna a kan shigarwa, Koha ce zan ba ta shawara. Kafin mai ɗorawa ya tafi, kwamiti ya karɓi kalmomin sirrin saba da na rumbun bayanai a rubuce, a ajiye su a hannun mutum biyu, ya sa a dawo da kwafin ajiya a kan wata kwamfuta a gabansa domin a ga yana buɗewa, kuma a rubuta a yarjejeniya wanda zai riƙa sabunta bugu da abin da za a biya shi a kowace shekara.